Kayan sola na cajin waya: abin da na gani a rani biyu

Da an kai amfani gida an ɗaure kara, ƙauyenmu yakan koma na mata da tsofaffi da yara. Muna ƙasar Taura ne, a masarautar Ringim, tafiyar rabin awa a babur daga Gujungu, kuma Allah bai ba mu fadama ba. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu, in ka cire kai taki da sharar gona, babu abin da magidanci zai taɓa. Wata bakwai cur. Ni tun ina ɗan shekara 19 a Legas nake cinye waɗannan watanni, da fari turin baro, daga baya acaɓa a wajejen Apapa. A watan Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, Apapa na ciki. Na sake zuwa rani ɗaya na yi dako, na dawo da abin da bai sayi taki buhu biyu ba. Sai aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, zuwa da dawowa kaɗai suka zama sai su cinye aikin wata guda. A nan na ce wa mahaifina, Baba, bana ina gida.

Zaman gida kuwa sai da abin yi. Turakun lantarki ba su iso mu ba, amma babu gidan da babu waya, don haka na kafa rumfa a ƙofar gida na fara caji da ɗan ƙaramin janareton nan da ake cuɗa wa fetur da baƙin mai. A lokacin lita ta haura naira 600 a gidan mai, mu kuwa wajen 'yan bumburutu muke saya, da ƙari a kai. Ciwon sana'ar shi ne, waya 10 ce a jone ko 40, man da injin zai sha kusan ɗaya ne. Ga ƙara, ga hayaƙi, ga wutar tana hawa da sauka tana ƙone mini cajoji. Da lita ta tsallake naira 1,000 a kakar 2024, na kashe injin na tura shi ƙarƙashin gado.

Riɗi ya yi kyau a wannan shekarar. Na kai buhu uku kasuwar Gujungu ranar Lahadi, na haɗa da rago ɗaya, washegari na shiga Kano. Abin da na sayo: farantan sola biyu masu wat 300 kowanne, dogon batirin nan mai ruwa da ake kira tubula, na bolt 12, an rubuta 200Ah a jikinsa, sai kwantirola mai daidaita cajin batir daga faranti, ƙaramar inbata mai juya wutar batir ta zama irin ta gida, kebul, soket masu baki da yawa da cajoji 30. Kuɗin ya ɗan haura rabin miliyan, kuma batirin kaɗai ya lashe kusan rabi. A kan waɗannan kaya nake wannan rubutu, domin a ranin nan kaɗai mutum biyar sun zo daga ƙauyukan kusa suna tambayata ko su ma su saya.

Shagon da na yi sayayyar ba zan kama sunansa ba. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, sun ba ni kujera da ruwan sanyi, yaran shagon suka ɗaure kayan da kyau suka raka ni har tasha. Mai shagon ya dafa batirin ya ce, “Malam, wannan kayan har firiza zai ɗauka.” Na tambayi garanti, ya ce shekara guda, amma da baki ya faɗa, rasit ɗin da ya ba ni jerin kaya ne da jimillar kuɗi kawai. Ban matsa ba.

Makon farko ba zan manta da shi ba. Da hantsi na zauna a rumfa, wayoyi kusan ashirin a jere kan katako, kowacce da ɗan haskenta, kuma babu ƙarar komai sai kukan kurciya a kan darbejiya. Mahaifina ya zo ya tsaya ya ɗaga kai yana kallon farantan, ya ce, “To ina take shan man?” Na ce, Baba, ba ta shan komai. Ya jima a tsaye kafin ya ce Allah ya sa albarka. Wanda bai taɓa ƙirga kuɗin cinikin yini ya ware fiye da rabi ya miƙa wa mai fetur ba, ba zai gane abin da na ji a wannan makon ba.

Sai hunturu ya kankama. Cikin Janairu inbata ta fara kuka tun kafin sallar isha'i, alamar batir ya yi ƙasa. Bayan kwana goma ta koma yi tun magariba. Mutane suna kawo waya da yamma, su zo da safe su tarar ba ta cika ba, ni kuma kunya ta hana ni karɓar kuɗi. Na ɗauka batirin ne jabu. Wani abokina ya haɗa ni da wani matashi mai haɗa sola a Ringim, ya zo a babur da mitarsa a jaka. Bai ko kalli batirin ba da farko. Ya kwance kwantirolar daga bango, ya ɗora ta a tafin hannu, sannan ya ɗora a nawa ya ce, “Yaya, ji nauyinta.” Ba ta fi kwalin ashana biyar ba. A fuskarta an rubuta MPPT da manyan baƙaƙe. Ya kunce ta da sukundireba, ya nuna mini cikinta: babu nannaɗaɗɗiyar wayar tagullar nan mai kauri da ake samu a ta gaskiya. Ya ce wannan PWM ce aka sa mata rigar MPPT.

Bayanin da ya yi mini a ƙasa da tsinke, shi ne abin da ya fi komai amfani cikin abin da zan faɗa, don haka a yi haƙuri da lissafi. Farantin wat 300 yana fitar da wuta mai bolt 30 da ɗoriya, batir kuwa na bolt 12 ne, yana caji a wajen 14. Kwantirola ta gaskiya mai MPPT takan karɓi wannan rarar ta juya ta ta zama ƙarin caji. Ita kuwa PWM janyo farantin take ƙasa ya daidaita da batirin, ragowar ta tafi a banza. Kowane faranti amfiya 8 da wani abu yake bayarwa. Ka ninka da 14, ka samu wat 120 ko kusa. Wato na biya kuɗin wat 600, amma abin da ke shiga batirina da tsakar rana bai wuce 240 ba. Ya kuma yi adalci, ya ce PWM ba muguwa ba ce, in an haɗa ta da ƙananan farantai masu bolt 18 tana aikinta daidai, kuma tana da araha. Laifin shi ne haɗa ta da manyan farantai kan batir guda, da kuma sayar da ita da sunan wata.

Na koma shagon da ita. Mai shagon ya juya ta ya ga an kunce, ya ce tunda an buɗe ba za ta karɓu ba, shi ma haka aka kawo masa. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma wanda ke sayar da kaya kullum ya san nauyin kayansa. Ban yi rigima ba. Na sayar da wake na sayi ta gaskiya mai amfiya 40 a wani shagon, wannan karon tare da yaron Ringim. Tana da nauyi, bayanta da haƙoran ƙarfe masu fitar da zafi, fuskarta tana nuna bolt ɗin faranti daban, na batir daban. Ranar da aka ɗaura ta, kafin la'asar batirin ya cika, abin da bai yi ba tun da aka shiga sanyi.

Sai dai aikin gama ya gama. Batir mai ruwa ba ya son a bar shi da yunwa. In ya yi makonni ba ya cika, wani farin abu kamar kanwa yakan daskare a jikin dalmar da ke cikinsa, kuma ba duka yake narkewa ba ko da an dawo ana cika shi. Nawa ya farfaɗo, amma bai koma yadda yake ba. Kuma ba kwantirolar ce kaɗai ta cuce shi ba, da hannuna a ciki. Na jona talabijin da dare yara suna kallon ƙwallo, na bar inbata a kunne har gari ya waye ko babu komai a jikinta, alhali ita ma tana cin nata. Sannan ina karɓar fawabank a kuɗin waya. Babbar waya mai 5000mAh wutar da take ɗauka ba ta kai wat 20 na awa guda ba, fawabank mai 20000mAh kuwa cikin waya huɗu gare shi. Mutum ya ba ka naira 200, ya tafi da cajin naira 800.

Yanzu ga yadda nake tafiyar da shi. Batirin bolt 12 mai 200Ah yana riƙe wat 2,400 na awa guda a takarda, amma rabi ne naka, in kana son ya yi kwana. Rabin nan, in ka cire abin da ke ɓacewa a inbata da caja, zai cika babbar waya kusan 40 in batirin lafiyayye ne. Na koyi karanta lamba: in ya huta ya nuna bolt 12.7 ya cika, in ya sauko wajen 12.1 an ci rabi, sai in kashe komai ko wa ke jira. Na roƙi mutane su riƙa kawo waya da safe, domin cajin rana daga faranti yake zuwa kai tsaye, bai taɓa batir ba. Duk wata ina duba 'yan sandunan nuna yawan ruwa da ke kan murafansa, in sun sauka in ƙara ruwan batir tatacce na kwalba. Ruwan rijiya yana da gishirin ƙasa, kashe shi yake. Na kuma ɗauke shi daga rumfar kwano na mayar da shi ɗakin ƙasa mai taga, na ɗora shi kan katako, saboda zafi yana rage masa kwana, kuma yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, ba a kusantarsa da ashana ko murhu.

Su farantan ba ni da abin faɗa a kansu sai alheri. Rani biyu, iskar farkon damina ta kaɗa su, rana ta gasa su, ba su canja ba. Abin da suke nema a wajenka tsumma ne. A hunturu, in ka kwana biyu ba ka goge ba, za ka iya rubuta sunanka da yatsa a kansu, kuma kwantirolar za ta nuna maka abin da ƙurar ta ci. Kullum bayan sallar asuba, kafin su ɗumama, nake hawa tsani da jiƙaƙƙen tsumma. Kashin tsuntsu guda ko inuwar reshe a gefe ɗaya kan ja farantin gaba ɗaya ƙasa, shi ya sa na sassare darbejiyar ta ɓangaren gabas duk da uwargida ba ta so ba. Kudu suke kallo, a ɗan karkace. Duk manomi ya san inuwarsa arewa take faɗuwa da tsakar rana a lokacin sanyi, to ranar a kudu take ke nan, kuma lokacin ne aka fi buƙatarta. Wani abin da ban zata ba shi ne zafin Afrilu ba ya ƙara musu ƙarfi, ragewa yake. Wat ɗin da aka rubuta a bayansu an auna shi ne a ma'aunin zafi 25, a bazararmu kuwa ba ka iya ɗora hannu a kansu. Haske suke so, ba zafi ba. An yi musu firam na walda da tazara tsakaninsu da rufi don iska ta ratsa, an kuma kashe kan notunan saboda masu ɗauke-ɗauke.

Cajojin da aka haɗo ni da su kuwa, cikin 30 babu goma da suka ga ƙarshen ranin farko. Masu arahar nan marasa nauyi zafi suke yi, wasu su sa fuskar waya ta riƙa rawa. Yanzu kaɗan-kaɗan nake sayen masu kyau. Wayar da batirinta ya kumbura kuwa ba na karɓa ko ta wace ce.

To kuɗi fa? Ƙaramar waya mai maɓalli naira 100, babba 200, tocila da rediyo 100, fawabank 500. A ranar da ba ta da wani sha'ani ina samun kaya 25 zuwa 35, ciniki tsakanin naira 3,000 da 4,500. Ranar Juma'a, da mutanen rugage da ƙananan unguwanni ke zuwa masallaci, yakan haura haka. Da azumi ma ana samu, saboda rediyoyi da wayoyin sauraron tafsiri. Makon sallah, da matasa suka dawo da manyan wayoyinsu, soket ba ya isa. Wutar da ta yi rara da rana, ƙanena ne ke cinta da injin aski a gefen rumfar, yana samun na sabulu.

Akwai abin da masu lissafi a takarda ba sa sawa a ciki, ni ma ban sa ba. Watannin da kake neman cinikin, su ne watannin da masu manyan wayoyi suka tafi cin rani. Waɗanda suka rage mata ne da dattawa masu ƙananan itel da Tecno na naira 100, sai Fulani da ke sauka a gonaki bayan girbi, su kawo wayoyi da tociloli a jaka guda, wani lokaci su biya da nono. Kuma yawancin matan nan ba su da kuɗi a hannu sai an turo. Kusan kullum da la'asar wata yarinya 'yar maƙwabtanmu, ba ta fi shekara bakwai ba, takan zo da wayar uwarta a ƙulle cikin leda ta ce, “Kawu, in ji Inna a sa mata, Baba zai kira bayan isha'i.” Ubanta yana gadi a Abuja. Na san wannan kiran. Na sha tsayawa a bakin titi a Apapa ina danna lambar gida ana ce mini a kashe take, kwana uku, ban san ko lafiya ba, alhali caji ne kawai ya ƙare. Irin wannan wayar ba na mayar da ita don babu kuɗi. Ina da littafin bashi, in an turo kuɗi aka ciro wajen mai POS, yawancinsu suna biya. Wasu ba sa biya, musamman dangi, kuma wanda zai shiga sana'ar nan ya san da wannan tun farko.

Sau ɗaya na ba wani dattijo wayar da ba tasa ba, iri ɗaya ce sak da ta wani bafulatani, har launi. Kafin a gane, mai shanun ya tashi da garkensa. Na biya. Tun daga ranar kowace waya sai na manna mata salatif da lamba, in ba mai ita ɗan katako mai lambar, kuma ko ɗan cikinsa ne ya zo babu katakon, ba na bayarwa. Da dare duk suna cikin durowa da kwaɗo.

In aka tambaye ni ko ya kai acaɓar Legas, a watan da acaɓa ta yi kyau, bai kai ba. Amma can kuɗin ɗaki ne, kuɗin abinci, kuɗin tikiti, kuɗin mota, da ciwon da kake yi kai kaɗai. Nan kuwa cefanen gida daga rumfar yake fita, har ranin ya wuce ban buɗe rumbu na kai gero kasuwa ba. Na kai takin gida gona a kan kari da amalanke maimakon in aiko a yi mini rabi da rabi. Na yi kiwon raguna biyu da harawar da a da takan lalace a kan rufi. Ina nan aka haifi ɗana na uku, ni na yi masa huɗuba. Da damina cinikin ba ya tsayawa, ƙanena ke zama in na tafi gona, sai dai a Agusta, in hadari ya rufe kwana biyu, dole a rage karɓar na dare.

Wanda garinsu akwai wutar gwamnati ko da ta awa kaɗan ce a rana, ban ba shi shawarar ya zuba kuɗin riɗinsa a nan ba. Haka wanda ƙauyensu ƙarami ne kuma akwai mai caji tuni, don raba 'yan wayoyin za ku yi ku biyu kowa ya rasa. Maganar firiza kuma, kada kowa ya ɗauka. Na san ƙanƙara tana kuɗi da azumi, na kuma yi kwaɗayinta, amma batir ɗaya irin nawa ba zai kwana da firiza da wayoyi ba, sai dai ka kashe shi cikin 'yan watanni. Don cajin waya zalla kuwa, farantai biyu na wat 300 sun yi yawa ma. Da na sani tun farko, da na rage a can na ƙara a batir. Wani abokina a Gujungu ya sa batirin litiyam, wanda ba a zuba masa ruwa kuma ake iya cin fiye da rabinsa ba tare da ya lalace ba. Kuɗinsa ya fi, amma shi ba ya ƙirga lamba da dare kamar yadda nake yi.

Tun watan da yaron Ringim ya faɗa mini gaskiyar batirina nake jefa naira 500 kullum a asusun ƙarfe, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Yau da asuba ya nuna 12.1 bayan ya kwana da waya 14 kacal. Asusun ya shekara. Zan fasa shi ranar Asabar, in kai ɗan akuya Gujungu ranar Lahadi, tsohon batirin kuma 'yan gwangwan sun riga sun taya saboda dalmar cikinsa. Yaron ya ce zai raka ni Kano ranar Litinin da mitarsa, kuma wannan karon sai an rubuta mini garantin a jikin rasit kafin in tura kuɗi.